Muhawarar Hijira da Yaƙin Burmi (1903)

Burmi tsohon gari ne a gefen kogin Gongola, kusa da Bajoga a jihar Gombe ta yau. A nan ne muhawarar da ta raba kan malaman Daular Usmaniyya lokacin zuwan Turawa ta ƙare da zubar jini.

Da Sakkwato ta faɗi a ranar 15 ga Maris, 1903, Musulmi suka tsinci kansu a gaban hanyoyi uku: a ci gaba da gwabzawa, a yi hijira, ko a zauna a yi sulhu da Nasara. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira zuwa gabas, da niyyar isa Makka. Masu wannan ra'ayi sun kafa hujja da aya ta 97 a Suratun Nisa'i, wadda ta zargi waɗanda suka zauna cikin rauni alhali ƙasar Allah mai faɗi ce, da kuma hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804. Manoma suka bar gonakinsu ana dab da damina, mata da goyo, suka bi shi.

Waziri Buhari kuwa ya koma Sakkwato. Hujjarsa taƙiyya ce, bisa aya ta 28 a Ali Imrana: a sassauta wa mai ƙarfi a zahiri, zuciya na riƙe da imani. Sau da yawa ana yi wa wannan matsayi kallon tsoro, amma wannan rashin adalci ne. Tsofaffi da marasa lafiya da talakawan da ba su da guzuri ba za su iya tafiya ba, kuma idan malamai duk suka watse, wa zai ja musu salla, wa zai raba musu gado?

Burmi ba baƙuwar tawaye ba ce. Tun shekarun 1880 Malam Jibrilla Gaini, mai aƙidar Mahadiyya, ya mayar da ita sansaninsa, ya gagari sarakunan Gombe, har Turawa suka kama shi a 1902. Mutanen garin suka buɗe wa Attahiru ƙofa, suka kori harin farko na Turawa a watan Mayu.

A ranar 27 ga Yuli, 1903, sojojin Ingila suka dawo da igwa. Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa, Manjo Marsh da ya jagoranci harin shi ma ya mutu. Ɗan Sarkin Musulmi, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a har ƙasar Sudan, inda zuriyarsu ke zaune a garin Mai Wurno, bakin kogin Nilu.