Me ya sa imajensi ke cika maƙil a wasu watanni?

Wai da gaske asibiti ma yana da lokacin cikarsa?

Sosai ma. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a Kano ko Katsina ko Maraɗi ya san daga Agusta zuwa Oktoba ɗakin yara ba masaka tsinke, har ka ga yara biyu a gado ɗaya, kuma yawanci maleriya ce, dan ruwa ya kwanta ko ina sauro ya samu wajen hayayyafa. Abin da ya fi damuna shi ne daidai lokacin hatsi ya ƙare a rumbu sabo bai shigo ba, sai tamowa ta haɗu da zazzaɓi a jikin yaro ɗaya, jininsa ya yi ƙasa, a shiga neman wanda zai ba da jini cikin dare. Ga amai da gudawa kuma in ambaliya ta gurɓata rijiyoyi.

To da rani fa, ana samun sauƙi?

Cutar ce kawai ke canzawa. Hunturu na zuwa da mura da tari da limoniya, masu asma su sha wuya. Zafi na shigowa wajen Maris da Afrilu sai ƙyanda da sanƙarau, saboda ƙura da busasshiyar iska na raunata hanci da maƙogwaro ga kwana a cunkushe ɗaki ba taga. Ba a manta abin da sanƙarau ya yi a Zamfara da Sakkwato a 2017 ba.

Wa ake ba gado, wa ake sallama?

Zazzaɓin da aka kawo da wuri gwaji ne da magani a koma gida. Wanda ake kwantarwa shi ne yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana aman duk abin da ya sha, ko numfashi sama sama, ko wuya ya sanƙare. Da yawansu sun yi kwanaki ana sayen magani a kemis ba gwaji, wallahi nan ake asarar yara.

Akwai abin da ke rage cunkoson?

Akwai. Maganin rigakafin maleriya da ake bi gida gida ana ba yara daga wata 3 zuwa 59 duk wata da damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2012, kwana uku ake shansa, dan Allah iyaye mata a cika kwana ukun, kar a tsaya a na ranar farko. Sai gidan sauro da allurar ƙyanda. Na sanƙarau kuma Najeriya ce ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV a 2024, in an zo unguwarku a fito da yara.