Tsawa ba ta warkar da in'ina

Iyaye maza da yawa sun ɗauka in'ina garaje ne ko sakarci. Yaro na maƙalewa a "Ba-ba-baba" sai a daka masa tsawa: "Kai, buɗe baki ka yi magana!" Abin yana ba ni tausayi. In'ina takan fara tsakanin shekara 2 zuwa 5, sau da yawa gado ce, ta fi kama yara maza, kuma yawancinsu tana sakinsu da kanta. Tsawa ƙara ɗaure harshen take yi.

Uban da ya gane yakan durƙusa daidai tsayin ɗansa, ya dube shi, ya jira ba tare da ya ƙarasa masa kalmar ba, sannan ya amsa a natse: "To Abba, na ji ka." In ta wuce wata 6, a ga likita.