LIN ko EXP: wane VCA ya dace da sintisaizarka?

Mene ne aikin VCA tukuna?

A sintisaiza (na'urar kiɗa mai samar da sauti da lantarki) mai haɗe-haɗen waya, osileta, wato sashen da ke fitar da sautin, ba ta yin shiru, kullum tana cikin ƙara. VCA shi ne mai tsaron ƙofa: wutar umarni da aka turo masa, wadda ake kira CV, ita ke faɗa masa yawan sautin da zai bari ya wuce. LIN da EXP nau'i biyu ne na VCA, kuma abin da ya raba su shi ne yadda kowannensu ke amsa wannan umarni.

To yaya kowanne ke amsawa?

LIN miƙaƙƙe ne. A ce bolt 5 ne ke buɗe shi gaba ɗaya: ka ba shi 2.5, rabin siginar ya fito. Ka ba shi 0.5, kashi ɗaya cikin goma. Shi kuwa EXP mai lanƙwasa ne: da desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti, yake lissafi, kowane bolt yana ƙara adadin desibel iri ɗaya. Ɗauki wanda ke da faɗin desibel 60 a kan bolt 5, wato 12 ga kowane bolt. A 2.5 ya sauka da desibel 30, siginar ba ta wuce kusan kashi 3 cikin ɗari ba. A daidai wannan wuri, LIN desibel 6 kawai ya rage. Waya ɗaya, umarni ɗaya, amma tazarar ba kaɗan ba ce.

Tunda da desibel kunne ke auna ƙara, ashe EXP ne na sauti?

Haka ake yawan faɗa, amma maganar ba ta cika ba. Gaskiya ne kunne ba ya ji a miƙe: sai an ƙara kusan desibel 10 kafin mutum ya ce ƙarar ta ninka. Shi ya sa idan ka tura umarnin da ke sauka a miƙe cikin LIN, za ka ji sautin ya ƙi raguwa, yana ta jan ƙafa, can a ƙarshe ya ɓace kwatsam.

Sai dai abin da ake mantawa shi ne ADSR ɗin da ke ba da umarnin, wato sashen da ke tsara yadda sauti zai tashi ya kuma sauka. Yawancin na analog da kafasita (ɗan abin da ke riƙe cajin wuta) suke aiki, ita kuwa kafasita idan tana sauke caji, da sauri take farawa sannan ta yi ta lafawa. Wato lanƙwasar da kunne ke so ta riga ta zo tun daga can. Ka haɗa irin wannan da LIN, sauti ya mutu a hankali kamar tsirkiyar da aka kaɗa aka saki. Ka haɗa shi da EXP, ka lanƙwasa abu sau biyu ke nan: sautin zai yi tas ya yanke, ko da ka murɗa lokacin saukar ya yi tsawo. Ga mai neman bugun ganga ko bes mai cizo, wannan ba aibi ba ne, shi ma yake nema. Ga mai son sauti mai shimfiɗa kuwa, takaici ne.

Idan CV zan wuce da shi ba sauti ba fa?

LIN, babu dogon zance. Kana so ka rage zurfin LFO (osileta mai tafiya a hankali da ke ba da CV) zuwa rabi, to rabi kake so, ba kashi 3 ba. A tabbatar kawai VCA ɗin yana wuce da DC, wato wuta mai tsayawa daram irin ta CV, don wasu sauti kaɗai suke karɓa.

Dole ne a sayi guda biyu?

Ba dole ba. Tsohon Moog 902 ma yana da makunnin zaɓi tsakanin biyun. Doepfer na Jamus, kamfanin da ya kawo tsarin sintisaiza mai haɗe-haɗe da ake kira Eurorack, ya raba su: A-130 miƙaƙƙe, A-131 mai lanƙwasa. Veils na Mutable Instruments kuwa murɗawa ake yi daga wannan zuwa wancan. Abin sha'awa, da yawa daga na zamani an gina su a kan wani guntun lantarki (chip) mai suna SSM2164 ko magadansa, wanda asalinsa EXP ne, sai masu ƙira su sadaukar da wani sashensa don miƙar da ɗayan.

In ɗaya kawai kuɗina zai iya?

Ni dai LIN zan ce. Yana ɗaukar sauti da CV duka, yana rufewa ruf a sifili, alhali EXP a lissafi ba ya kaiwa sifili, sai dai ya yi ƙasa har kunne ya daina ji. Lanƙwasa kuma kana iya samo ta daga ADSR.