Kansar bututun madaciya: zafin asibiti ba na murhu ba ne

Jama'ar Tawa, ana ta yaɗa magana a WhatsApp cewa zafi na kashe ciwon kansa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa nake tsoron a ɗauke ta a karkace.

Ruwan madaciya daga hanta yake fitowa, ya bi wani siririn bututu ya zuba cikin hanji. In kansa ta tsiro a bututun sai ta toshe shi. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari, jiki ya dame ka da ƙaiƙayi, ga rama. Mu kuwa da mun ga haka sai mu ce shawara ce, a jiƙa saiwa. Ciwon ba ya nuna kansa da wuri, kuma watannin da ake ɓatawa kan jiƙo suna ƙara masa nisa, har likita ya duba ya ce tiyata ba za ta yiwu ba.

Jin haka kada ku naɗe tabarma ku koma gida. Ana iya sa ɗan bututu a buɗe hanyar, rawayar ta sauka, ƙaiƙayin ya lafa. Sannan akwai shimiyo, wato magungunan asibiti masu kashe ƙwayoyin kansa. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, aka fitar a 2010, ya nuna haɗa magungunan shimiyo biyu, gemcitabine da cisplatin, ya fi gemcitabine shi kaɗai: matsakaicin tsawon rai ya kai wata 11.7 maimakon 8.1. Ba warkewa ba ce, amma lokaci ne da mutum zai ƙara tare da iyalinsa, kuma ni ban raina shi ba.

Zafin kuwa da na'ura ake yin sa. Tana aika igiyoyin rediyo can ciki inda ƙarin yake, ta ɗumama wurin zuwa digiri 40 zuwa 43 na kusan awa guda, ana auna zafin a kai a kai. Jini sai ya ƙara gudu a wurin, magani ya fi shiga, ƙwayoyin kansar kuma su kasa gyara ɓarnar da cisplatin ya yi musu. Mataimakin shimiyo ne, ba ya maye gurbinta. Ana yin sa a cibiyoyi na musamman a ƙasashe irin su Jamus da Japan, kuma a kan wannan kansar binciken ƙanana ne, bai zama maganin da aka tsayar ba. Ko can ɗin yakan bar ƙuna a fata.

Don Allah kada a ɗora wa mara lafiya ƙarfe mai zafi, ko dutse, ko tsumman ruwan zafi a ciki. Fata ce kawai za ta ƙone, zafin ba zai kai ga bututun ba, kuma mai shan shimiyo ba shi da ƙarfin yaƙar ƙwayoyin cuta in gyambo ya ɓarke.

Babba in idonsa ya yi rawaya, musamman ba tare da zazzaɓi ba, a kai shi CSI, wato ƙaramin asibiti na kusa, a makon nan, a nemi takardar zuwa babban asibitin Tawa don gwajin jini da eko, wato hoton ciki. In ana zargin kansa, a wuce cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, CNLC, a Yamai, da duk takardun gwaji a hannu.