Wane ɗan kasuwa aka yafe wa haraji, kuma ina ake samun rance da tallafi?

Tun da sababbin dokokin haraji suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, magana biyu ke yawo a kasuwannin Jos, daga Terminus har Katako. Wasu na cewa gwamnati za ta riƙa yankar haraji daga duk kuɗin da ya shiga asusun mutum, wasu kuma na cewa an yafe wa ƙananan 'yan kasuwa komai da komai. Doka ba ta faɗi ko ɗaya ba. Magana ta farko tana sa mutane gudun banki, alhali takardar shige da ficen kuɗi ta banki ita ce abu na farko da mai ba da rance zai nema. Ta biyun kuwa tana sa mutum ya saki jiki har tara ta same shi.

Dokokin guda huɗu ne, Shugaba Bola Tinubu ya sa musu hannu ranar 26 ga Yunin 2025. Ɗaya daga cikinsu ce ta sauya wa hukumar tattara haraji ta tarayya, FIRS, suna zuwa NRS. Abin da ya fi shafar mai ƙaramar sana'a shi ne batun "ƙaramin kamfani". Tun a dokar kuɗi ta 2019, kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba ba ya biyan harajin kamfani. Sabuwar dokar ta ɗaga iyakar. Kwamitin gyaran haraji da Taiwo Oyedele ya jagoranta ya bayyana ta a matsayin ciniki na naira miliyan 100 a shekara, da sharaɗin cewa kadarorin kamfanin na dindindin, wato gini da injina da motoci, ba su wuce miliyan 250 ba. Wanda ya faɗa cikin wannan rukuni ba ya biyan harajin ribar kamfani, ba ya biyan harajin raya ƙasa na kashi 4 cikin 100, kuma ba a ɗora masa karɓar harajin VAT na kashi 7.5 daga hannun masu saye ba. An dai cire masu aikin ƙwararru irin su lauyoyi da akantoci daga wannan sassauci.

A lura da kyau, ciniki ake aunawa, ba riba ba. Dillalin dankalin Turawa da ke ɗauko kaya daga Bokkos ko Mangu yana lodawa zuwa kudu zai iya juya sama da miliyan 100 a shekara, ribar da ta rage masa kuwa ba ta taka kara ta karya ba. A idon doka ya fita daga sahun ƙanana.

Sai wurin da aka fi yin tuntuɓe. Hukumar rajistar kamfanoni, CAC, tana yin rajista iri biyu da mutanenmu suka fi sani: rajistar sunan kasuwanci, da rajistar kamfani mai Limited a ƙarshen sunansa. Yawancin masu shaguna ta farkon suke da ita, domin ta fi araha kuma ta isa a buɗe asusun banki da sunan shago. To amma a doka, mai sunan kasuwanci da shagonsa mutum ɗaya ne. Yafiyar harajin kamfani ba ta shafe shi ba, domin da ma shi ba harajin kamfani yake biya ba. Nasa harajin kuɗin shiga ne na mutum, kuma hukumar tattara kuɗin shiga ta Jihar Filato zai biya wa, ba ta tarayya ba. Wanda ke zaune a Abuja kuma hukumar haraji ta Babban Birnin Tarayya ce tasa.

Wannan ba ya nufin an bar shi a rana. Naira 800,000 na farko a abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kai. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin 100, daga nan ya riƙa hawa har zuwa kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. A ce kafinta ne a Katako, bayan ya cire kuɗin katako da ƙusa da fenti, da hayar shago, da man janareta, da ladan yaran shago, ya tashi da ribar miliyan 2 a shekara. Za a ware 800,000, a lissafa kashi 15 na miliyan 1.2 da ya rage, wato naira 180,000. Idan gidan haya yake zaune, doka ta ba shi damar rage kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar daga abin da za a yi wa lissafi, iyakarsa naira 500,000. Amma duk wannan ragi sai da shaida. Kafintan da ba ya rubuta abin da ya kashe, ba ya ajiye rasit, kuma kuɗin cefane da na katako duk a aljihu ɗaya suke, ba shi da abin kare kansa ranar da jami'in haraji ya ƙiyasta masa riba da ido. Littafi na naira ɗari biyar da biro sun wadatar a fara. Wannan ne abin da na fi so mutanenmu su riƙe, domin kullum ina ganin masu gaskiya suna biyan fiye da haƙƙinsu saboda rashin rubutu kawai.

To ko kowa ya garzaya ya mayar da shagonsa kamfani? Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa hakan: mutum ɗaya tak zai iya kafa ƙaramin kamfani, kuma ba dole ne ya ɗauki sakataren kamfani ba. Sai dai kamfani yana da nasa nauyin. Ko sisi ba za ka biya ba, wajibi ne ka miƙa bayanin lissafinka ga NRS duk shekara, cikin wata shida bayan ƙarewar shekarar lissafinka. Idan a Disamba kake rufe littafi, wa'adinka ƙarshen Yuni ne. Wanda ya ƙi, tarar naira 100,000 ce a watan farko, sannan 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Ga kuma bayanin shekara-shekara da CAC ke nema. Albashin da ka yanka wa kanka daga kamfanin ma akwai harajin mutum a kansa. A ganina, mai shayi ko mai ɗinki da keke biyu bai kamata ya ɗauko wa kansa wannan ɗawainiya ba tukuna. Wanda ribarsa ta kai miliyoyi, ko yake neman kwangilar kai kaya otal-otal da makarantu, shi ne ya dace ya zauna da akanta su yi lissafi. Kuma yafiyar tarayya ba ta soke kuɗin rumfa da na shago da ƙaramar hukuma ke karɓa ba. Abin da za ka dage a kai shi ne a ba ka rasit na hukuma.

Batun rance kuwa, tsohon kukan shi ne jingina. Banki ya ce kawo takardar mallakar fili, kai kuma gidan gado ne a Gangare ko Nasarawa wanda ba a ma raba ba. Akwai dokar da aka yi domin wannan tun a Mayun 2017, Yemi Osinbajo ya sa mata hannu lokacin yana riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa. Ta halatta jinginar da dukiyar da ake iya ɗauka: injin niƙa, kekunan ɗinki, mota, shanu, amfanin gona, kayan da ke cikin sito, har da bashin da kake bin wasu. Mai ba da rancen zai shigar da kayan a rajistar jingina ta ƙasa da ke ƙarƙashin Babban Banki, yadda ba za a jinginar da inji ɗaya wuri biyu ba, kayan kuma suna hannunka kana aiki da su. Dokar ba ta tilasta wa banki karɓa ba, shi ya sa sai ka tambaya. Ƙananan bankunan unguwa sun fi sauraron irin wannan magana. Ka je da rasit ɗin sayen injin da lambarsa.

Cibiyoyin gwamnati kowace da aikinta, kuma sanin haka yana rage wa mutum kuɗin mota. SMEDAN, wadda aka kafa a 2003, ba banki ba ce, aikinta rajista da horarwa da haɗa mutum da shirye-shirye. Bankin Masana'antu, BOI, ya fi karkata ga masu sarrafa kaya, irin mai gyaran acca yana ƙullawa a leda ko mai yin takalma. Bankin Manoma, BOA, mai hedikwata a Kaduna, na harkar noma da kiwo ne. Bankin Raya Ƙasa, DBN, da ya fara aiki a 2017, ba ya ba mutum kuɗi hannu da hannu, ta bankunan kasuwanci da ƙananan bankuna yake bi, don haka a bankinka za ka tambaya ko suna cikin tsarin. Wanda kuma ba ya son kuɗin ruwa saboda addini, akwai Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank, da Lotus. A tsarin murabaha banki ne zai sayi injin ko kayan, ya sayar maka da ribar da kuka amince tun farko, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. Su ma za su duba littafinka, kuma su ma sai an biya su.

Ina jaddada biyan ne saboda abin da ya faru da rancen korona na 2020, wanda Babban Banki ya bayar ta hannun bankin NIRSAL. Mutane da yawa sun karɓa da zaton kyauta ce. Tun Agustan 2020 akwai tsarin GSI, wanda ya ba mai bin bashi damar cire kuɗinsa daga duk wani asusu da ke ɗauke da lambar BVN ɗinka, ko a wane banki yake, kuma a cikin takardun rancen mutum yake sa hannun amincewa da hakan. Sunan wanda ya ƙi biya kuma yana shiga kundin hukumomin tarihin bashi, inda kowane banki ke dubawa kafin ya ba da ko kwabo. Kafin ka sa hannu ka tambayi jimillar abin da za ka mayar, ba kason wata ba. Kashi 5 a wata kashi 60 ne a shekara.

Tallafin da ba a mayarwa shi ne mafi ƙaranci, kuma a nan 'yan damfara suka fi kafa tarko. Na gwamnatin tarayya a 2024 naira 50,000 ne ga kowane mai ƙaramar sana'a da aka zaɓa. Gidauniyar Tony Elumelu, tun 2015, tana ba da dala 5,000 bayan horarwa, tana buɗe karɓar buƙatu ranar 1 ga Janairu ta shafinta na TEFConnect, kuma masu nema daga duk faɗin Afirka suke, don haka sai da rubutaccen tsarin kasuwanci mai ma'ana. Cike fom a waɗannan shirye-shirye kyauta ne. Mai shagon intanet zai iya karɓar ladan aikinsa na buga maka bayanai, wannan daban. Amma duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa sunanka ya fito, ka tura dubu biyar na "tantancewa", ko ka karanto masa lambobin da banki ya turo wa wayarka, asusunka yake nema. Ka katse wayar, ka kira bankinka ta lambar da ke bayan katinka na ATM.