Statin: Mene Ne Shi, Kuma Yaya Ake Shan Sa Lafiya?

Idan ka duba takardar maganin da likita ya rubuta wa mai ciwon suga, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, da wuya ka rasa wani suna da ya ƙare da "statin": atorvastatin, simvastatin, rosuvastatin ko pravastatin. Duk 'yan gida ɗaya ne. Statin shi ne sunan wannan dangi na magunguna, aikinsu kuwa rage kolestarol, abin da mutane suka fi sani da kitsen jini.

Kolestarol ɗin kansa jiki na buƙatarsa. Da shi ake gina bangon ƙwayoyin halitta, da shi ake haɗa wasu sinadaran jiki da ruwan matsarmama mai narkar da maiƙo. Matsalar tana zuwa ne daga nau'in da takardar gwaji ke rubutawa LDL. In ya yi yawa, sai ya riƙa kutsawa cikin bangon jijiyoyin jini yana taruwa, kamar yadda laka ke taruwa a bututun ruwa, har hanyar ta tsuke. Ranar da wannan tarin ya fashe, jini ya daskare a wurin, sai hanya ta toshe. In jijiyar zuciya ce, a samu bugun zuciya. In ta ƙwaƙwalwa ce, a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Duk tsawon shekarun da abin ke taruwa, mutum ba ya jin komai, yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mafi yawan kolestarol ɗin da ke jiki, jikin ne ke haɗa kayansa, musamman hanta. Abinci yana ƙarawa, amma ba shi kaɗai ba ne. Shi ya sa za ka ga siririn mutum wanda ba ya kusantar kitse ko kayan ciki, amma gwaji ya nuna nasa ya hau, sau da yawa gado ne. Statin yana zuwa hanta ne ya riƙe hannun sinadarin da ke wannan haɗi, wanda ake kira HMG-CoA reductase. Da hanta ta ga kayan aiki sun ragu, sai ta koma tana janyo LDL daga cikin jini. Wani masanin kimiyya ɗan Japan, Akira Endo, shi ya fara gano irin wannan sinadari a cikin funfuna a shekarun 1970, kuma a 1987 Amurka ta amince da lovastatin, na farko da ya shiga kasuwa. Bincike a kan dubban majinyata ya nuna duk lokacin da aka rage LDL da 1 mmol/L (ma'aunin da ake auna shi a gwajin jini), haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki yana sauka da wajen kashi ɗaya cikin biyar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga magidancin da iyali suka dogara da shi.

To, inda gizo ke saƙar shi ne, statin ba ya sa ka ji sauƙi, domin dama ba ka jin ciwo. Mun saba da maganin zazzaɓi: kwana uku, jiki ya warware, a ajiye kwali. Sai mutum ya sha statin wata biyu, a sake gwaji, lamba ta sauko, ya ce alhamdulillahi na warke, ya daina. Cikin 'yan makonni hanta ta koma aikinta, lambar ta koma inda take. A ganina wannan dainawa ta fi duk illolin maganin cutar da mutane, musamman wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar jiki sau ɗaya. Ga yawancin waɗanda aka ɗora a kai, magani ne na dogon zango, kuma shawarar ragewa ko dainawa a gaban likita ake yanke ta. In kuɗi ne matsalar, a faɗa wa likita ko mai harhaɗa magani ƙarara, domin akwai masu sauƙin farashi da ke aiki iri ɗaya. A dai tabbata kwalin na ɗauke da lambar NAFDAC ga wanda ke Najeriya.

Lokacin sha ya danganta da irin da aka ba ka. Simvastatin ba ya daɗewa a jiki, ga shi hanta ta fi haɗa kolestarol da dare, shi ya sa ake cewa a sha shi da daddare. Atorvastatin da rosuvastatin suna jimawa, don haka kowane lokaci ya yi, muddin an tsayar da guda. Tunda sau ɗaya ne a rana, mai azumi zai iya sha bayan buɗa-baki. Wanda ya manta jiya kada ya haɗa biyu yau, ya ci gaba kawai yadda ya saba.

Ƙorafin da aka fi ji shi ne ciwon tsoka, yawanci a cinyoyi, sharaɓa ko kafaɗu, kuma a ɓangarori biyu lokaci guda. Wani lokacin maganin ne, wani lokacin kuma aikin gona ne, ko shekaru, ko tsoron da aka riga aka cusa wa mutum. A wani gwaji da aka yi a Landan aka wallafa a 2020, mutanen da suka daina statin saboda ciwo sun ji kusan irin wannan ciwon a lokacin da aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Duk da haka ba a raina ƙorafin. A koma asibiti, likita zai iya rage yawansa ko ya canza wani ɗan'uwansa. Amma akwai alamar da ba a kwana da ita: ciwon tsoka mai tsanani, jiki ya mutu har tashi daga tabarma ya gagara, fitsari ya koma launin baƙin shayi. Wannan na nuna tsoka na narkewa, kuma abin da ke fita daga cikinta yana iya lalata ƙoda. Ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru a dakatar da ƙwayar a nufi asibiti ranar. Haka in idanu suka yi rawaya irin ta shawara.

Mafi yawan irin wannan haɗari daga haɗa magunguna yake fitowa, kuma nan ne al'adarmu ta shiga kemis a ce "haɗa mini na mura" take ba ni tsoro. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta clarithromycin da erythromycin, da na cutar funfuna ketoconazole da itraconazole na sha, da magungunan HIV masu ɗauke da ritonavir, duk suna hana hanta sarrafa simvastatin da atorvastatin, sai su taru a jini fiye da ƙima. Ga kuma wani da ya fi kusa da mu: amlodipine, wanda masu hawan jini da yawa ke sha. In tare da simvastatin ne, ba a so simvastatin ɗin ya wuce miligiram 20 a rana. Ruwan garehul (grapefruit, wani babban lemo mai ɗan ɗaci) ma yana yin irin wannan aiki, amma lemon zaƙi ba shi da laifi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka zuba duk kwalayen magungunanka a leda, har da jiƙe-jiƙen gargajiya da kake sha, ka ajiye su a teburin likita ya gani da idonsa.

Mace mai juna biyu, ko mai neman haihuwa, ko mai shayarwa, ta sanar da likita tun kafin a fara, domin galibi ana ɗage maganin a wannan lokaci. Mai ciwon hanta ko ƙoda, da mai shan giya da yawa, su ma su faɗa. Statin yakan ɗaga suga kaɗan, don haka ake duba shi lokaci-lokaci, amma wannan bai hana mai ciwon suga sha ba, hasali ma yana cikin waɗanda suka fi amfana. Bayan farawa akan sake gwajin kolestarol da na hanta cikin wajen wata uku, a ga ko yawan da aka bayar ya wadatar. Ka riƙe takardar gwajin farko ka tafi da ita, domin da ita za a kwatanta.