Irin dankali, ko daga Jamus ya zo, yana gajiya

Manoman dankalin turawa na Bokkos, Mangu da Barikin Ladi, ku matso kusa. Irin dankalin nan Nicola da Marabel da muke lodawa zuwa kasuwar Farin Gada a Jos, kamfanonin iri na ƙasar Jamus ne suka samar da su. Ciniki ya kawo su, sanyin Filato ya karɓe su. Hulɗar ba ta tsaya a saye da sayarwa ba. Hukumar GIZ ta gwamnatin Jamus ta tallafa wa gwajin da masu bincikenmu na cibiyar binciken dankali da ke Kuru, kusa da Jos, suka yi tare da cibiyar dankali ta duniya, CIP, har a 2023 aka fitar da sababbin iri huɗu: Unica, Juriya, Babban da Kyau. Cikin abin da aka duba har da jure cutar nan mai ƙone ganye idan damina ta yi nauyi.

To amma suna ba ya noma. Sai ka ji mutum na cewa, "Ai nawa Marabel ne na asali," alhali shekara da shekaru yana juya shi a gona ɗaya. Dankali shi kansa ake shukawa, duk cutar da uwa ta kwasa tana bin 'ya'yan. Abin da ya fi damuna shi ne al'adar sayar da manya a ajiye ƙanana a matsayin iri. Sau da yawa rashin lafiya ce ta hana su girma.

Tun ganye na kore, zaga gonarka ka kafa tsinke a gindin duk shukar da ta yi kyau, ganyenta bai nannaɗe ba, bai yi rawaya ba. Su za ka fara tonewa, ka ajiye daban inda iska da ɗan haske ke shiga. In za ka sayi iri, tsaga 'yan kaɗan da wuƙa. Ka ga zobe ruwan ƙasa a ciki, ko farin ruwa mai yauƙi na tsatsowa? Bar wa mai shi kayansa, domin wannan cutar zama take yi a cikin ƙasa.

'Yan kasuwa masu shigo da iri kuma, ku bi ta NAQS, hukumar gwamnati mai tantance lafiyar kayan gona da ake shigowa da su, a duba shi. Manomi ya nemi ganin takardar, in babu, ya tambayi malamin gona na yankinsa inda ake samun tantaccen iri.